Katako Uku a Shagon Pei

Ranar Laraba katakona ya tsage.
Ba wani bugun a-zo-a-gani ba ne,
gefen tebur kawai ya ɗan taɓa,
sai tsaga ta bi shi daga wuya har ciki.
Shekara talatin da ɗaya, ƙas, shi ke nan.

Na naɗe shi a tawul kamar mara lafiya,
na hau bas daga tashar jiragen ruwan Dalian
zuwa lungun da Pei Lansheng ke da shago,
inda warin gam ya fi na shayi ƙarfi.

Bai yi min jaje ba, ba halinsa ba ne.
Ya dubi yadda na ɗauki biro a kan kanta,
babban yatsa da manuniya sun yi zobe,
sauran ukun sun laɓe a baya.
Ya ce, har yanzu riƙon alƙalami, Tsoho Dou?
Na ce, hannun da ya saba ba ya canza sheƙa.

Ya shimfiɗa uku, tsirara, babu roba.

Na farko falle bakwai, giram casa'in a sikeli.
Na saki ƙwallo a kansa, ta ce tan!
kamar an ƙwanƙwasa faranti.
Wannan ba ya jiran shawara,
kafin ka gama niyya ƙwallo ta wuce raga.
Irinsa jikata Xiaoman take so,
ita da ke liƙa roba gaba da baya,
tana juya hannu ta buga da ƙeyar katako,
abin da a zamaninmu koci zai tsawata.
Na ɗaga shi sau goma. Wuyan hannuna ya ce a'a.

Na biyu icce guda ne, daga tsaunukan Japan,
kauri kamar yankan burodi, ƙamshi kamar sabon akwati.
Ƙwallo na nutsewa a cikinsa ta huta
kafin ta fita da fushi.
Amma na masu ƙafa ne,
masu zagaye tebur su kai duka ta dama kawai.
Gwiwoyina sun yi shekara arba'in a kan ƙarfen jirgi.
Na shinshina shi, na tambayi kuɗinsa,
na ajiye shi a hankali.

Na uku falle biyar, ba shi da kwalliya.
Muryarsa ƙasa take, tok, tok,
kamar maƙwabci mai kunyar buga ƙofa.
Yana ɗan lanƙwasa, yana kawo labari:
ƙwallo ta taɓa nan, tana juyi haka.
Ba zai ci wasa don ni ba,
amma in na zubar, zan san laifin wane ne.

Na riƙe shi, gefensa ya cije ni a manuniya.
Sabon katako bai san kowa ba.

Pei ya buɗe tawul ɗin, ya juya tsohon.
A wuyansa ga kwarin da yatsana ya haƙa,
a bayansa ga tabo uku baƙi na gumi,
sumul kamar dutsen bakin teku.
Ya ce, kar ka goge sabon,
bar hannunka ya sassaƙa shi kamar wancan.

Na ce, Pei, saba'in saura biyu gare ni.
Miƙo samfefa.

Muka zauna a kan benci har aka kunna fitilun titi,
ina gogewa, ina gwadawa, yana cewa ya isa,
ina ƙara kaɗan.
Garin icce ya zuba a wandona kamar gishiri.

Gobe ƙarfe shida a lambun Laodong
Malama Qu za ta jira ni da muguwar sabis ɗinta.
Tsohon kuwa na mayar da shi cikin tawul.
Pei ya ce a bar masa ya jefar.
Ban ko amsa ba.